Awar da Ba Ta Shiga Rabo Ba

Ko zan manta da ranar da na kama aiki da ranar da na ajiye shi, ba zan taɓa mantawa da yammacin da Kyaftin Lawal ya juyo mana da jirgi, tanki cike da guba, rana kuma ta faɗi ba. Ku da kuke aikin yanzu, kullum ina jin ku kuna gardama a kan rabon riba, wane ya samu kaza, wane an danne shi. To ku gyara zama in gaya muku yadda ake wannan rabo a zamaninmu, da abin da ya ja wa mutum guda.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, naira ba ta daɗe da fitowa ba, ruwan dam ɗin Tiga kuma ya gama haɗiye ƙauyukan da zai haɗiye. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin jiragen sama mai ofis a Kano. Da rani muna ɗaukar shatar injiniyoyi da 'yan kwangila. Da kaka kuma a ba mu kwangilar feshin jan-baki, tsuntsayen nan da in suka sauka a gonar dawa da safe, kafin azahar sai dai mai gona ya ɗora hannu a ka. Saboda wannan aiki aka share mana fili a ƙasar Bebeji, kusa da Bagauda. Fili na ce, kada ku ɗauka irin wanda kuka sani ne. Jar ƙasa ce aka daddaɓe, ba kwalta, ba fitila ko ɗaya, sai rumfar kwano da durorin mai. Ni ne jami'in fili. Ni ke auna mai, ni ke tsayawa a kan masu haɗa magani, ni ke riƙe da oba-oba, wato rediyon da muke magana da matuƙi yana sama, kuma ni ke rubuta lokacin tashi da na sauka.

Matuƙanmu suna da albashi, amma ba shi suke sa wa ido ba. Abin da kowa ke jira shi ne rabon ƙarshen shekara, shekarar kamfani kuwa tana rufewa ne a ƙarshen Oktoba. Akanta zai tara duk abin da jirage suka shigo da shi, ya fitar da kuɗin mai da na gyara da na magani da albashi da haraji. Abin da ya saura shi ne riba. Masu kamfani su kwashi babban kaso, a ware wani a ce na matuƙa ne. Wannan kason muke kira tukunya. Rabon tukunya kamar watanda ne, yawan kashinka yawan namanka, kashin kuwa su ne awowin da ka yi a sama. Sai dai awar kyaftin ta fi ta mataimaki nauyi, awar feshi kuma ta fi ta ɗaukar fasinja, don mai feshi dab da kan bishiya yake tafiya, ajalinsa na zaune a gefensa. A haɗa awowin kowa bisa nauyinsu, a raba kuɗin tukunya a kansu, a san abin da awa ɗaya ta kama, sannan a lissafa wa kowa nasa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Awar feshi ba ta shiga lissafi sai jirgi ya dawo tanki wayam, malamin gona da ke wurin kuma ya sa hannu cewa a kan tsuntsaye aka zuba. Sannan akwai geji. Wanda awowinsa ba su kai gejin ba kafin shekara ta rufe, ko da kaɗan ya rage, babu shi a rabo sam, kasonsa ya koma tukunya sauran su raba. Wai an yi haka ne don maganin malalata. In kuma matuƙi ya lalata jirgi, daga tukunya ake cire kuɗin gyara kafin a raba, don kowa ya zama mai gadin ɗan'uwansa. A takarda abin ya yi kyau, wallahi har ni na yaba da shi lokacin da aka karanta mana.

Kyaftin Lawal saurayi ne a lokacin, shiru-shiru, kuma shi kaɗai ne ɗan yankin nan a cikin matuƙanmu. Ƙauyensu na cikin waɗanda ruwa ya cinye. Aka tayar da su zuwa sabon matsuguni, mahaifinsa bai daɗe ba ya rasu, aka bar mahaifiyarsa tana raɓe a gidan 'yan'uwa. Albashinsa kuwa dangi duka ke ci a ciki tun da gonakinsu suka nutse. Da ƙyar ya sa magina suka tayar mata da ɗaki na ƙasa, ya yi mata alkawarin rufin kwano da kuɗin rabo. A lokacin tsohuwar da ta kwana a ƙarƙashin kwano a ƙauye, ta san ɗanta ya haifu.

Ana cikin haka ciwon shawara ya kwantar da shi da damina, likita ya hana shi tashi tsawon makonni. Da ya warke sai ya shiga bin aiki kamar mai ramuwar azumi, duk tashin da wani ya ƙi shi zai karɓa. Duk da haka ranar ƙarshe ta shekarar kamfani ta same shi da giɓin awa ɗaya da ɗan wani abu. Feshi ɗaya ya rage a kwangila, wani makwancin jan-baki a wata fadama a bakin dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Layin babban matuƙinmu ne, wani Bature da muke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Mutum ne mai zafi amma ba mugu ba. Da safe ya kira Lawal ya ce ya bar masa tashin, ya je ya cike awowinsa. Ranar na ga haƙoran Lawal. Na tsokane shi na ce ashe kana da su, ya ce in bari sai ranar da aka buga kwano zan gan su duka.

Feshin jan-baki ba da rana tsaka ake yin sa ba. Tsuntsu yana yawo wuni, sai dab da magariba yake komawa makwanci, lokacin ake samun sa a tare. Dole matuƙi ya isa rana na shirin faɗuwa, ya zuba, ya juyo da sauri ya sauka kafin duhu, tunda filinmu ba fitila. Maganin kuwa guba ce ta gaske, masu haɗawa ma sai da safar hannu da takunkumi. Ƙa'idar kamfani ita ce a sanar da dagacin wurin tun da wuri, shi kuma ya sa a yi shela kowa ya kauce da dabbobinsa. An yi hakan. Malamin gona ya tafi da mota tun azahar, ya kunna wutar alama a bakin fadamar ta gabas. Ba shi da oba-oba. In matuƙi ya ga hayaƙi, ya san wuri a share yake.

Lawal ya tashi da la'asar sakaliya. Ni da Mai Lofe da makanikenmu muna zaune a rumfa, har an ɗora shayi. Can sai oba-oba ta yi ƙara.

"Malam Habu, akwai shanu a fadamar."

Na tambaye shi ko 'yan tsiraru ne da za a kora. Ya ce garke ne ba ɗaya ba. Sun shigo ta yamma, ta bayan kurmin da ya tare wa malamin gona gani. Mata har sun sauke kaya suna kafa bukkoki, ga maruƙa a ɗaure, daidai ƙarƙashin bishiyoyin da tsuntsu ke sauka. Nan take na gane abin da ya faru. Shelar dagaci ta mutanen gari ce. Fulanin tashi ba dagaci suke ji ba, Arɗonsu suke ji. Kuma tun da ruwa ya shafe musu burtalolin da suka saba bi, sun sake hanya, suna sauka inda ba a taɓa ganin su ba. Waɗannan da rana suka iso, ba su san an yi wata shela ba.

Mai Lofe ya fizge oba-oba ya ce wa Lawal ya sauko ƙasa-ƙasa ya tsorata shanun su fita. Ya gwada. Shanu suka watse, amma maimakon su fita sai suka ƙara nutsawa cikin fadama, mutane kuma suka bi su a guje. Abin da ake gudu ya ƙaru. Lawal ya hau sama yana zagaye ko za su fito, mu kuma muna kallon rana tana sauka a bayan tafkin Bagauda. Makanike ya matso kusa da ni yana gunaguni, wai ya zuba a gefe mana, malamin gona zai ga feshi ya sa hannu, in shanu suka mutu jibi a wani daji wa zai ce mu ne. Na ce masa in ya sake buɗe baki sai na cusa masa tsumman mai. Amma maganar Allah, abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma Lawal da ke can sama ya fi shi sanin haka. Mariƙin feshi zai ja sau ɗaya, kwano ya hau ɗakin uwarsa.

Na karɓi oba-oba na kira Lawal. Sannan muryarsa ta fito, a kwance kamar mai tambayar farashin goro.

"Zan dawo. Ba zan zuba ba."

Na ce, "Kyaftin, ka san yau ce ranar ƙarshe?"

"Na fi kowa sani, Malam Habu."

To gaba kura baya sayaki. Jirgin feshi an yi shi ne ya tashi da nauyi ya sauka ba nauyi. Sauka da tanki cike a gajeren fili irin namu, ko da rana tsaka ganganci ne, balle a duhu. Saboda haka akwai wani mariƙin gaggawa a gefen matuƙi, in ya ja shi tanki ya amayar da komai a lokaci guda. Mai Lofe ya ba shi umarni ya ja shi a kan daji kafin ya iso. Lawal ya ce yana kallon ƙasa, ba inda ba rafi, rafukan nan kuma duka cikin dam suke zuba, can mutanensu ke kamun kifi, can suke ɗibar ruwan sha. Inda ba rafi kuma dawa ce ta nuna ba a girbe ba. Mai Lofe ya hau faɗa da Turanci har lofen ya faɗi ƙasa bai sani ba. Ya ce jirgin ba nasa ba ne, tukunyar ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma zai kashe kansa a banza. Lawal ya bari ya gama, ya ce a rubuta cewa ya ƙi bin umarni. Daga nan ya kira sunana ya ce haske yake so.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Motoci biyu gare mu, Landiroba da motar mai. Muka kai su ƙarshen fili muka kunna fitilunsu. Leburori suka kwaso gwangwanaye, muka cika su da yashi da kananzir muka jera a gefe da gefe muna kunnawa. Manoma masu dawowa daga gona suka gan mu muna zarya, suka tsaya tambaya, na ce ba lokacin bayani, kowa ya ɗauki damin kara ya kunna ya tsaya nesa da hanya. Suka yi kuwa, Allah ya saka musu. Daga ƙauye ana kiran sallar magariba. Ni kuma abu ɗaya ke cin raina wanda ban gaya wa kowa ba. Ni na auna masa mai, na ba shi na zuwa da dawowa da 'yar rara, kuma na san zagayen da ya yi a kan fadama ya cinye rarar.

Mun ji ƙararsa kafin mu gan shi. Ya sauko har muna ganin tayoyinsa a hasken mota, sai ya sake ɗagawa ya wuce ta kanmu, gudun ya yi masa yawa. Makanike ya tsuguna ya rufe fuska. Mai Lofe yana tsaye ƙyam, yana magana shi kaɗai a hankali kamar yana cikin jirgin. Ni kuwa duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina, ba abin da nake maimaitawa sai innalillahi. Na san in ya sake wucewa, ba na uku.

Ya zagayo. Wannan karon ya taɓa ƙasa da ƙarfi, jirgin ya yi tsalle, ya sake dira. Taya ɗaya ta fashe kamar an harba bindiga. Jirgin ya karkace ya tattake gwangwanayen gefen hagu, ya faɗa ciyawa yana jan fiffike a ƙasa, ya je ya tsaya. Inji ya mutu. Ba wanda ya motsa, kowa yana shaƙar iska yana jiran warin magani, don in tankin ya fashe, wanda ya matsa ma ya shiga uku. Mai Lofe ne ya fara rugawa, na bi shi. Tanki bai fashe ba. Lawal ya sauko da kansa, ya zauna daɓas a ciyawa. Mai Lofe ya rungume shi yana zagin sa. Da ya sake shi, Lawal ya dube ni ya ce in samo masa buta, magariba za ta wuce.

Na koma rumfa na rubuta lokacin sauka. Awowin da ya yi a sama ranar sun wuce giɓin da yake nema. Amma ga tanki can cike. Malamin gona da ya dawo ya ce yana jin tausayi, sai dai ba zai sa hannu a kan feshin da ba a yi ba. Ban ga laifinsa ba.

Bayan kwana biyu sai ga Arɗon Fulanin nan a filinmu, dattijo dogo, da sandarsa da mutum biyu a bayansa. Na ɗauka godiya ya zo yi, har na sa aka shimfiɗa tabarma. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya. Sannan ya ce ƙara ya kawo. Jirginmu ya firgita musu shanu, karsana ɗaya ta karye a ƙafa sai da aka yanka ta. Kai, jinina ya hau! Na ja shi har gaban jirgi na nuna masa tankin, na gaya masa abin da ke ciki da abin da zai yi wa garkensa da matansa da 'ya'yansa, na nuna masa Lawal na ce ga wanda ya ƙi zubawa, ga abin da ya rasa. Arɗo ya daɗe yana kallon tankin. Ya je ya kama hannun Lawal da hannu biyu ya ce Allah ya tsare shi kamar yadda ya tsare su. Sannan ya juyo gare ni.

"To, Malam, karsanar fa?"

Lawal ya yi dariya har da hawaye. Kamfani ya biya karsanar, kuma daga tukunya aka cire. Arɗo ya kwashe mutanensa, Mai Lofe ya je ya yi feshin da wani jirgi, awar ta shiga lissafinsa na sabuwar shekara.

Da lokacin rabo ya yi, ni da Mai Lofe muka tafi ofis a Kano. Masu kamfani suka ce sun yaba, amma in suka karya ƙa'ida yau, gobe kowa zai dawo da tanki cike da labari a bakinsa. Akanta, dattijo ne mai kirki, ya zaunar da ni ya bi da ni lissafin. Awar ba ta shiga ba, don haka Lawal bai kai geji ba, kasonsa ya koma tukunya. An cire gyaran jirgi da karsana. Kason nasa ya kusa rufe ramin, don haka sauran matuƙa ba su ji a jikinsu ba. Na buga tebur na ce to da ya kashe shanun fa?

Ya cire tabarau ya ce, "Da an biya shi cif. Malam Habu, lissafin nan ba shi da gurbin shanun da ba su mutu ba."

Mai Lofe ya sa wani abu a ambulan daga nasa kason ya ba Lawal. Lawal ya mayar masa, ya ce shi ya karya musu jirgi, ba zai ci musu tukunya sau biyu ba. Na yi masa faɗa, na ce wannan girman kai ne, bai saurare ni ba. Kafin damina ya ɗauki hutu, shi da danginsa suka yanko shuci suka yi wa ɗakin jinka don kada ruwa ya narkar da ginin. Na je taya su. Inna, mahaifiyar tasa, ta kawo mana fura tana ta ba shi haƙuri, wai kada ya damu, in kamfani bai yi riba bana ba zai yi baɗi. Abin da ya gaya mata ke nan, kuma ya hana ni gyara zancen. Allah sarki, a cikin daminar nan ta rasu, a ɗakin jinkar.

Shekarar da ta biyo baya ba wanda ya kai Lawal awowi, shi ya ɗauki kaso mafi tsoka. Ya zo ya same ni a rumfa, ya zauna a kan duro. Can ya ce, "Malam Habu, ga kuɗin kwano, ba mai kwana a ɗakin." Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Daga wannan shekara ban sake barin jirgi ya tashi feshi ba sai na taka da ƙafata na gano Arɗon da ke kusa mun yi magana. Wannan an sa shi a ƙa'ida. Lissafin rabo kuwa har na bar kamfanin ba a taɓa shi ba. Abin da na koya shi ne, tsarin rabo ba raba kuɗi kawai yake yi ba, yana gaya wa matuƙi abin da zai yi a can sama inda ba mai ganinsa. Don haka in kun zauna gardamar rabonku, kafin ku tambayi nawa awa ɗaya ta kama, ku tambayi nawa za a ba wanda ya juyo saboda ya ga abin da na ƙasa ba su gani ba. In amsar babu ce, to kun jingina rayukan mutane a kan halin wanda ke kujerar ranar. Mu mun yi sa'a Lawal ne a kai, shi kuma sa'ar tamu a kansa ta ƙare.